Google Drive a ofishin masu haƙa burtsatse a Gombe

Duk wanda ke aiki da mutane fiye da uku, kuma ayyukansa suna tafiya biyu-biyu ko uku-uku a lokaci guda, ina ba shi shawarar Google Drive, wato ma'ajiyar takardu da hotuna ta Google da ke kan intanet. Sharaɗina ɗaya ne: tun ranar farko ya san a asusun wa takardun za su zauna. Sauran abubuwan ana koyonsu a hankali, amma wannan in aka yi sakaci da shi sai ya ci wa mutum aikin shekara.

Ni ce mai kula da takardu da lissafi a wani ƙaramin kamfani a nan cikin Gombe. Muna haƙa rijiyar burtsatse, muna kuma kafa famfo mai aiki da hasken rana. Daga ƙarshen damina har bazara ba ma zama. Injin haƙa yana wajen Dukku, inda ruwa ke da nisa sai an nutsa sosai kafin a same shi, masu ɗora tanki suna Kumo, Injiniya kuma yana hanyar Kaltungo zai duba wani fili. Kowane aiki da tarin takardunsa: yarjejeniya, rahoton binciken ƙasa, ƙiyasin kaya, rasit ɗin kesin (bututun da ake zurawa cikin ramin rijiya) da siminti da dizal, hotunan kowane mataki, sakamakon gwajin ruwa, sai takardar miƙa aiki.

Da can duk wannan a WhatsApp yake yawo, sai 'yan filash da ke cikin durowa. Har gobe da WhatsApp muke magana, wajen saurin saƙo ba shi da na biyu. Wajen ajiya ne ba ya yi. Hoton kesin da aka tura a Janairu, in mai aikin ya nema a Mayu, sai ka yi ta jan allo kana wuce gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure kafin ka iso kansa. Ka same shi kuma an matse shi, rubutun jikin famfon ba ya karantuwa, sai dai in wanda ya tura ya tuna ya zaɓi babban inganci ko ya tura shi a matsayin takarda. Wanda aka saka sabo a guruf ba ya tarar da abin da aka tura watannin baya. Filash kuwa, duk wanda ya taɓa kai nasa shagon buga takardu ya dawo ya tarar foldodinsa sun ɓace ya san ciwon abin.

Abin da ya fara ja na zuwa Drive shi ne ban sha wahalar shawo kan kowa ba. Google ya fito da shi tun watan Afrilun 2012, kuma duk mai Gmail yana da shi, ko ya sani ko bai sani ba. Ma'aikatanmu kusan duka Android suke riƙewa, da yawansu manhajar ma tana cikin wayar tun daga kwali. Gigabait 15 ake ba kowane asusu kyauta. A cikin sauran ma'ajiyoyi irinsa, Dropbox 2 yake bayarwa, OneDrive na Microsoft 5. Ga ofishin da Word da Excel suka zame masa jiki OneDrive ma abu ne mai kyau, amma mu da sai mun buɗe wa kowa sabon asusu da sabuwar kalmar sirri, kuma na san mutanena.

Kowane aiki da foldarsa, haka muka tsara. Da yawa in za su fara sai su buɗe folda ɗaya ta rasit, ɗaya ta hotuna, ɗaya ta yarjejeniyoyi. A ido yana da kyau, amma ba haka ake tambaya ba. Ba wanda ya taɓa kira na ya ce ina rasitai. Cewa ake yi, ina takardun aikin Deba. Saboda haka sunan folda shekara ce, sai gari, sai irin aikin, misali "2025 Deba burtsatsen masallaci". A cikinta akwai ƙanana shida, kowace da lamba a gaban sunanta don su jeru yadda aikin ke tafiya, tunda Drive da suna yake jera su: 1 yarjejeniya, 2 binciken ƙasa, 3 ƙiyasi da kuɗi, 4 hotunan fili, 5 rasit, 6 miƙa aiki. Ko wane aiki ka buɗe, lambobin nan ba sa canzawa. Yaron da ke kula da fili ya san nasa 4 ne da 5, ba ruwansa da saura. Mun kuma yarda ba ma sa haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil, domin wata wayar tana da su wata ba ta da su, kada wani ya ajiye da "ƙ" wani ya zo yana nema da "k".

Wani abu da zan so a ce akwai: a burauza babu yadda za ka kwafi folda sukutum da 'ya'yanta. Na so in ajiye samfuri guda in riƙa kwafa duk sabon aiki. Hanyar da ke yi ita ce a saka manhajar Drive ta kwamfuta, wadda ke nuna ma'ajiyar kamar wani faifai a cikin na'urar. A nan kam kwafa da mannawa ne kamar kowace folda.

Abin da na fi so a duk manhajar shi ne ɗaukar rasit. Rasit ɗin da ya fito daga fili ba ya zuwa lafiya. Ya kwana a aljihun direba, ya sha zufa, ga yatsan baƙin mai a gefensa, in kuma irin na injin POS ne ko na gidan mai, zafin Gombe kaɗai ya isa ya goge rubutun kafin a rufe lissafi. Yanzu a bakin shagon ake gamawa. Ka buɗe foldar rasit ta aikin, ka taɓa alamar kyamara, ka shimfiɗa takardar a kan bonet ɗin mota ko kan buhun siminti, manhajar ta gano gefunanta da kanta ta yanke, ta mai da ita PDF. Ka sa mata kwanan wata da sunan kaya, shi ke nan. Kafin motar ta bar kasuwa na gani a ofis na shigar da shi lissafi. Wurin neman fayil kuma yana karanta rubutun da ke cikin hoto da PDF, don haka lambar rasit kaɗai ta isa ta fito maka da shi in bugun inji ne. Rubutun hannu kam kada ka dogara da shi, ka sa wa fayil ɗin suna mai kyau.

Lissafin kowane aiki a Google Sheets yake, wato manhajar Google mai kama da Excel, cikin folda ta 3. Jadawali ɗaya ne, ni da Injiniya da mai kula da sito muna iya shiga lokaci guda, kowa na ganin inda ɗan'uwansa yake rubutu. An daina "ƙiyasi na ƙarshe" da "ƙiyasi na ƙarshe gyararre" da ba wanda ya san wanne ne na gaskiya. Kwanakin baya Injiniya ya kira ni daga hanya.

"Hajiya, simintin Kumo fa na ga ya ƙaru a lissafi. Wa ya taɓa?"

"Ranka ya daɗe, ba ni minti ɗaya."

Na buɗe tarihin gyare-gyaren jadawalin. Ga sunan mai sito, ga ranar, ga lokacin, ga adadin da ke wurin kafin ya canza. Da aka tambaye shi sai ya ce birkila ne ya ce gindin tankin zai ci fiye da yadda aka ƙiyasta, ya ƙara, ya manta bai faɗa ba. Magana ta mutu a nan, ba zargi ba rantsuwa. A wurin da ake taɓa kuɗin mutane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ga yadda rashin irinsa ke raba abokan aiki da suka shekara da shekaru tare. Sai dai a sani, gyara jadawali mai faɗi a allon waya wahala ne, yatsa na zamewa ya shiga gidan da ba nasa ba. Masu waya ƙara layi kawai suke yi a ƙasa, duk wani babban gyara sai a kwamfuta.

Sai maganar izini. Iri uku ne: mai kallo kawai, mai iya barin tsokaci, da mai iya gyarawa. Yawancin masu ba mu aiki ba sa nan. Wani Alhaji yana Abuja ko Legas, yana haƙa rijiya a ƙauyensu sadakatul jariya ga mahaifinsa, yana son ya ga inda kuɗinsa ke tafiya. Sai in ba shi izinin kallon foldar hotuna. Duk yamma in ya buɗe ya ga sabon abu: an kafa inji, ga laka na fita, an saka kesin, an zuba tsakuwa, an saukar da sumo (famfon da ke zama cikin ruwa), ga fanel ɗin sola a kan ƙarfe, ga ruwa. Wani ya kira ni ranar da aka yi gwajin ruwa muryarsa na rawa, ya ce, "'Yata, na nuna wa Hajiya babba hoton, ta yi ta addu'a." Irin wannan ranar ce ke sa in ji daɗin aikina.

A kula da abu biyu a nan. Izinin da ka ba uwar folda yana gangarowa kan duk abin da ke cikinta. In ka ba mai aiki babbar foldar, ka buɗe masa har lissafin cikin gida da albashin lebura. Ƙaramar foldar da ta shafe shi kaɗai ake ba shi. Na biyu, akwai zaɓin da ke barin duk mai riƙe da linkin ya buɗe. Yana da sauƙi, musamman ga wanda ba shi da Gmail, amma linki in ya shiga WhatsApp ba ka san inda zai kwana ba. Ga hotunan rijiya ba damuwa. Ga takardar da ke ɗauke da lambar NIN ko lambar asusun bankin ma'aikaci, sam. Irin waɗannan suna wata folda daban da ni da Injiniya kaɗai ke shiga. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, kuma ko ba doka, amana ce aka ba mu.

To, ga babbar maganar da na fara da ita. A asusun kyauta, duk fayil na wanda ya ɗora shi ne, ko da a cikin foldar wani ya ɗora. Foldar haɗin gwiwa kamar sito ce da kowa ya kawo buhunsa ya jingine: ɗaki ɗaya ne, amma kowane buhu da sunan mai shi, kuma yana da ikon ɗauke abinsa. Haka tsarin yake, a rubuce yake cikin bayanan Google, sai dai mutane ƙalilan ne ke karantawa. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, hotunan da mai kula da fili ya ɗora daga gigabait ɗinsa ake cirewa, ba daga na kamfani ba. In ya goge su, sun tafi kwandon shararsa, ba naka ba, kuma bayan kwana 30 kwandon yana zubar da kansa.

Mun ɗanɗana wannan. Wani matashi da ya yi aiki da mu ya samu wani wurin ya tafi, rabuwar arziki. Bayan wani lokaci wurin ajiyarsa ya cika, ya zauna yana share tsofaffin abubuwa, ya haɗa da hotunan wani aiki da ya ɗauka an gama da shi. Mu kuwa mai aikin bai biya cikon kuɗi ba, yana son shaidar zurfin da aka kai da adadin kesin da aka saka. Na buɗe folda ta 4 na tarar da ita fayau. Allah ya taimaka kwana 30 ba su cika ba. Na kira shi, ya ce, "Wallahi Anti ban san zai shafi naku ba," ya dawo da su daga kwandon a take. Da an ƙara mako biyu da wata maganar ake yi.

Ga yadda muke yi yanzu. Akwai asusu guda na kamfani, ni da Injiniya kaɗai muka san kalmar sirrinsa, shi ke buɗe duk foldodi. Ma'aikata suna ɗorawa daga nasu asusun kamar kullum. Kafin a rufe kowane aiki sai in bi abin da suka ɗora in mai da shi mallakar kamfani. Hanya biyu ce: ko mai fayil ya miƙa mallaka ga asusun kamfani a karɓa, ko in kwafi fayil ɗin daga asusun kamfanin, domin kwafi na wanda ya kwafa ne. A lura, miƙa mallakar folda ba ya miƙa fayilolin da ke cikinta. Aiki ne mai cin lokaci, ba zan ɓoye ba, kuma shi ne kuɗin da ake biya a madadin kyautar. Haka kuma kada a buɗe asusu a jingine shi: tun Disambar 2023 Google na da damar rufe asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Gigabait 15 ɗin nan ma ba na Drive kaɗai ba ne. Gmail na ci daga ciki, Google Photos na ci tun Yunin 2021, sannan daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga lissafin. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama mutanenmu. Mutum yana guruf ashirin, kowanne ana zubo bidiyon wa'azi da na biki da na siyasa, wayar na kwashe su tana ajiyewa. Ranar da ya zo ɗora hoton aiki sai a ce wuri ya cika, imel ma ya daina shigowa. Maganinsa mai sauƙi ne: a shiga saitin ajiyar WhatsApp a cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa. Asusun kamfani kuwa mun saya masa ƙarin wuri na Google One mai gigabait 100, kuma yana ɗaukar mu, tunda bidiyo gajere muke yi, na lokacin da ruwa ya ɓalle da na gwajin famfo.

Sabis shi ne abin da kowa ke tambaya, da gaskiyarsu. Ƙauyukan da suka fi buƙatar rijiya su ne sabis bai cika kai wa ba. A can, in ka ɗora hoto sai ya tsaya a layi yana jira, in an fito titi waya ta kama sai ya tafi da kansa. Amma akwai wani saiti a cikin manhajar da ke hana tura fayil sai an samu Wi-Fi. In yana kunne, hoto zai yi ta jira ko da data ta cika wayar. Shi nake fara dubawa a wayar duk sabon ma'aikaci. Takardun da za a buƙata a fili kuma, irin rahoton binciken ƙasa da zanen gindin tanki, ana iya yi musu alamar a buɗe su ko ba intanet, muddin an yi haka tun a gari. Zanen Injiniya muna ajiye asalinsa da kwafin PDF a gefe, don birkila ya buɗe a wayarsa ba tare da wata manhaja ba.

Sabon shiga yakan rikice da sashen abubuwan da aka raba da shi, domin komai a zube yake, na aiki da na makaranta da wanda wani ya turo shekarun baya. Ina zama da kowa in nuna masa ya sa wa foldar aikin da yake kai tauraro, in an gama ya cire. Baba direba, wanda ya ce shi ba ya son abin da ya wuce kira da amsawa, yanzu shi ke fara ɗora rasit ɗin mai.

Asusun da ya tara takardun kamfani gaba ɗaya dole a tsare shi. Mun kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an tabbatar ta waya kafin a shiga. Lambar wayar da aka ɗaura masa layi ne da ake amfani da shi kullum kuma an haɗa shi da NIN, domin duk mun ga yadda aka rufe layukan mutane a 2024. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da za a shiga da su in waya ta ɓata. Mun buga su a takarda, suna cikin durowa mai makulli. Duk aikin da aka rufe kuma ina sauke foldarsa in zuba a wani faifai na waje da ke gidan Injiniya.

Drive ba ya bin aiki. Ba zai gaya maka gobe ne ranar kai fanel Billiri ba, ba zai nuna maka wanda bai gama nasa ba. Ana iya ambaton mutum a tsokaci a cikin takarda a ɗora masa aiki, amma wannan bai kai abin da manhajoji irin Trello ke yi ba. Mu allon bango da kiran waya ke riƙe mana wannan ɓangaren, kuma a girmanmu ya wadatar.

Ga waɗanda suka fi mu yawa, ko waɗanda ma'aikata ke yawan shiga da fita, irin ƙungiyoyin sa-kai da makarantu masu zaman kansu da kamfanonin gine-gine, ba zan ba su shawarar su zauna a kan na kyauta ba. A Google Workspace, tsarin Google na biya don kamfanoni, wanda ake kira G Suite kafin Oktoban 2020, akwai ma'ajiyar haɗaka inda fayil na ƙungiya ne tun daga lokacin da aka ɗora shi. Mutum ya tafi, takarda na nan. Duk wahalar kwafa da miƙa mallakar da na lissafa ba ta taso ba. Biyansa kan kowane mutum ne, kuma yawanci sai kamfani na da adireshinsa na intanet. Ƙungiyoyin sa-kai masu rajista suna iya neman shirin da Google ya ware musu, in sun cika sharuɗɗa.

Na kai wa Injiniya maganar mu ma mu koma can. Ya ce in lissafo mutum nawa ne lallai sai an biya musu. Na ce huɗu: shi, ni, mai sito, da mai kula da fili. Ya ce a bari kuɗin aikin Dukku su shigo tukuna.